Kalmar da Na Liƙa wa Baffanki

Zuwa ga 'yata Maryamu, Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki kin sauka Buea lafiya, kin sami ɗaki mai ƙofar kirki da maƙwabta na gari. Allah Ya tsare ki a tafiyarki da zamanki, Ya kare ki daga sanyin dutsen nan da jikinki bai saba da shi ba, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi.

Zan sa takardar a ƙasan akwatinki, cikin ninkin zanen gadon da Ummanki ta ɗinka miki, don na san ba za ki kai gare ta ba sai kin zo shimfiɗa. Da safe nake rubuta ta, bayan na dawo daga masallaci. Tun asuba ake ruwa, irin ruwan nan na Douala mai zuba a hankali kamar ba shi da niyyar ɗaukewa. Kwanon rufi yana ta ƙara, lungunmu ya zama ƙorama, 'yan bensikin, masu haya da babur, sun jingine baburansu sun fake a rumfar mai shayi. Kin san in sama ta wanke bayan irin wannan ruwa ana hango dutsen daga nan, shuɗi-shuɗi can bayan kogi, kamar hayaƙin da ya tsaya wuri ɗaya. Tun ina yaro nake kallonsa. Ban taɓa kawowa a raina wata rana 'yata za ta kwana a gindinsa ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, duk kin san shi. Za ki je ki karanci Ingilishi ki zama tafinta, ni kuwa akwai abin da na sani game da harshen nan wanda malamanki ba za su sa a jarrabawa ba. Da kuskure na san shi, kuma na fi so ki ji daga bakina.

Da na gama lekol, wato makarantar boko, na sami aiki a wani kamfanin fitar da katako a Bonapriso. Faransanci ina da shi, amma patron ɗinmu, mai gidanmu a wurin aiki, Bature ne ɗan Ingila, kuma in ransa ya ɓaci harshensu yake komawa. Sai na sayi wani tsohon ƙamus a hannun mai baza littattafai a ƙasa, bangonsa ya cire, yana warin danshi. Ranar Lahadi nakan zauna gindin mangwaron gidan Inna, mahaifiyata mai sunanki, in yi ta buɗawa har la'asar. Wata rana na faɗa kan kalmomin da ake rage wa mutum daraja da su, kowace tana tura ni ga 'yar'uwarta. Belittle. Scorn. Sneer. Worthless. Na kwafe su a ɗan littafina, ina maimaita su a hankali. Wallahi, Mamana, daɗin sautinsu na ji. Belittle na ji ta kamar sunan wani ɗan tsuntsu. Scorn kamar sunan wani gari mai hazo da jiragen ruwa. Mu ma da Hausa muna da namu, wulaƙanci, muzantawa, kushe, tozartawa, cin fuska, amma kowace daga cikinsu na san ta tare da fuskar wani da na ga an yi masa, na ga yadda ya sunkuyar da kai. Na Ingilishin ba su da fuskar kowa. Wuƙa ce aka ba ni cikin kube mai ado, ni kuwa kuben nake kallo.

Kafin in yanki kowa da ita, ni aka fara yanka. Patron ya same ni na juya lambobin wani jirgi, ya ɗaga takardar a gaban duk ma'aikata ya ce da ni dimwit. Da na dawo gida na duba, na ga ma'anarta daƙiƙi. Ban gaya wa kowa ba. Na haɗiye ta, ta zauna min a ƙirji kamar loma mai zafi, ina tafe da ita ina neman inda zan sauke. To ki kula da wannan. Za a jefe ki da irinsu a can, ko malami ko 'yan ajinku, musamman in suka ji Faransanci ko Hausa a cikin lafazinki. In akwai gyara a ciki ki tsince gyaran ki bar sauran a ƙasa. Kada ki ɗauko ki taho da shi, don wanda ya ɗauko zagi ba ya mayar wa mai shi. Wanda ya fi shi rauni yake nema, kuma sau da yawa wannan mutumin nasa ne na jiki.

Nawa na jikin shi ne Baffanki Sale.

Ke kin san shi tsoho mai furfura, yana zaune a kujera 'ya'yansa suna gasa nama. A lokacin ƙato ne, shi kaɗai yake ɗaga cinyar bijimi. Da mahaifinmu ya rasu shi ya bar karatun allo ya kama tukubar soya, gasasshen naman nan, a bakin titinmu na New Bell, ya ce ni in je lekol, gida ɗaya ba za a taru duka a hayaƙi ba. Yana ce min Idina. In na dawo da rigar makaranta sai ya goge hannunsa sau biyu kafin ya dafa kaina.

Bayan kamar wata huɗu da fara aikina, wata ranar Talata ana yayyafi, ina zaune a teburina sai na ji ƙamshin yaji da hayaƙi. Na ɗaga kai na ga Yaya Sale a ƙofar ofis. Silifas ne a ƙafarsa, taɓo har ƙwauri, rigarsa duk maiƙo, ruwa yana ɗiga daga hularsa a kan farin daɓen. Ya rungume ƙunshin soya a takardar siminti a ƙirjinsa don kada ya jiƙe. Da ƙafa ya zo tun daga New Bell. Ya ce ya kawo wa mai gidana ne, don ya san cewa ina da mutane, kuma ya gode masa da ya riƙe ni. Matan da ke buga tafireta suka dubi juna. Ana haka patron ya fito, ya dubi Yaya daga sama har ƙasa, ya tambaye ni ko wane ne wannan.

Yaya yana jin Faransancin kasuwa, yana jin Pidgin. Na san haka, shi ya sa na laluba cikin ɗan littafina na kai na zaɓo wadda na tabbata bai taɓa ji ba. Na ce wa patron kada ya damu, riffraff ne daga unguwarmu. Ma'anarta tarkacen mutane, waɗanda ba su da asali ba su da daraja. Patron ya yi dariya. Yaya ya ga Bature yana dariya, shi ma ya yi, ya miƙa masa naman da hannu biyu. Patron ya ci ya yaba. Yaya ya koma gida cikin yayyafi yana murna.

Da yamma muna cin abinci gaban Inna, sai ya ce, “Idina, kalmar nan da ka kira ni da ita gaban Bature, rifraf, me take nufi?”

Nan ne Allah Ya buɗe min ƙofa na ƙi shiga. Na ce masa ai ma'anarta babban wa, mai riƙe da gida.

Fuskarsa ta yi haske. Ya maimaita ta sau uku don kada ta ɓace masa. Ya gaya wa Inna cewa yau Idi ya ɗaga shi gaban Turawa. Daga ranar duk wanda ya tsaya a tukuba sai ya ji cewa shi ne rifraf ɗin Idi. Bai tsaya nan ba. Ya je Nkololoun wurin wani mai rubutun allo, aka zana masa allo mai launin kore da hoton bijimi, aka rubuta Soya Rifraf da manyan baƙaƙe, ya kafa a saman rumfarsa. Wata biyu ina wucewa ƙarƙashin allon nan safe da yamma, da taye a wuyana. Kullum nakan ce gobe zan gaya masa. Wani lokaci nakan ga ɗalibai 'yan Bamenda masu jin Ingilishi sun tsaya sun karanta, sun rufe baki, sun sayi nama sun wuce. Har yau in na rufe ido ina ganin allon nan yana lilo cikin hayaƙi, harafin farko ya ɗan karkace.

Wani tsohon malamin makaranta ɗan Bamenda, mai sayen nama wurinsa duk Juma'a, shi ya kasa jurewa. Ya ja shi gefe ya tambaye shi wa ya ba shi wannan suna, sannan ya gaya masa ma'anarsa da Pidgin, a hankali. An ce Yaya ya gode masa, ya ƙara masa nama, ya hau benci ya sauke allon da kansa.

Na yi tsammanin zai zo ya mare ni. Da ya yi da na huta. Bai zo ba, bai gaya wa Inna ba, har ta koma ga Allah ba ta sani ba. Bai daina aiko min da nama ba. Abu ɗaya ya canza. Washegari da na gaishe shi sai ya miƙe tsaye ya cire hula ya ce, “Barka da asuba, Misye Idrisu.” Daga ranar ban sake zama Idina ba. In na shigo sai ya ba ni kujera ya zauna a ƙasa. In na yi magana sai ya ce haka ne, Misye. Mutanen unguwa suna cewa dubi yadda Sale yake girmama ƙanensa mai ilimi. Shekara bakwai ina shan wannan girmamawa, ban taɓa shan abu mai ɗacinta ba. Na yi aure a cikinta. Sau da yawa na shirya maganar ban haƙuri a raina, in na isa gabansa sai in tambaye shi ya kasuwa.

Haihuwarki ce ta kai ni. Ranar sunanki shi ne babba, shi zai yanka rago. Da sassafe na same shi a bayan gida yana wasa wuƙa, na durƙusa na ce Yaya ka yafe min abin da na faɗa a ofis. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da wasa wuƙar, can ya ce, “Me ka faɗa? Faɗa min da Hausa.”

Na buɗe baki. Kalmomin suna nan, na san su, amma in dubi mutumin da ya bar allonsa dona in ce masa tarkace marar asali, harshena ya ƙi ɗagawa. Sai hawaye. Ya bar ni na daɗe a haka, sannan ya ce, “Abin da bakinka ya kasa ɗauka da harshen uwarka, shi ka ɗora min da harshen wasu, na yi wata biyu ina talla da shi.” Ya gwada kaifin wuƙar a farcensa, ya miƙe, ya ce, “Tashi ka riƙe min ƙafar ragon nan, Idi.”

Ban sake zama Idina ba, wannan ya tafi. Amma Idi ma na karɓa da hannu biyu.

Don haka, Mamana, duk kalmar da za ki ɗora wa mutum da Ingilishi, ki fara juya ta da Hausa a zuciyarki, ki sa fuskarsa a gabanki. In kin ji za ki iya faɗa masa ita haka gaban Ummanki, to faɗi. In kin ji nauyi, ki bar ta. Baƙon harshe yana rage wa mai faɗa nauyin magana, ba ya rage wa wanda aka faɗa wa komai. Kuma kada ki taɓa yin magana a kan mutum yana tsaye da harshen da ba ya ji. Ko bai gane kalmar ba yana da idanu, in kuma idanunsa sun yarda da ke kamar yadda na Baffanki suka yarda da ni, laifin ya ninka. In har ƙaddara ta sa kin yi, ki je a ranar, kafin a kira sallar da ke gaba. Ƙaryar da na yi da yamma ta fi kalmar da na faɗa da rana muni, shirun da na yi bayanta ya fi su duka.

Kada ki ɗauka na warke daga nan. Da aka ƙara min girma aka ba ni rubuta rahoton ma'aikata. Akwai wata mata mai buga tafireta da ke zuwa daga Cité des Palmiers, ta fara makara, tana kuskure a aiki. Ban tambaye ta dalili ba. Na zauna na jera mata kalmomi masu taye a wuya, careless, unreliable, wato mai sakaci, wadda ba a dogara da ita, na ji daɗin yadda suka zauna a layi. Babu zagi ko ɗaya a ciki, duk maganar ofis ce mai ladabi. Aka sallame ta. Daga baya na ji mijinta ne yake kwance, ita take jinyarsa kafin ta fito. Na neme ta ban same ta ba, an ce sun koma ƙauyensu. Wani lokaci in ina cikin mota nakan ga mace daga baya da irin ɗaurin ɗankwalinta, sai in leƙa, ba ita ba ce. Ke aikinki a takarda zai fi yawa. Ki sani zagin baki iska tana ɗauke wani abu daga cikinsa, na takarda kuwa yana kwance a fayil yana jiran duk wanda zai buɗe. Kuma kalma mai ladabi ta fi saurin kisa, don ba wanda yake zuwa raba faɗa.

Ba ina ce miki ki zama mai rufe gaskiya ba ne. In abu bai yi ba ki ce bai yi ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma aikin za ki taɓa, ki bar mai aikin a tsaye. Akwai nisa tsakanin ki ce wannan layin ya karkace da ki ce kai karkatacce ne. In kuma kina tsakanin mutum biyu kina tafinta, ɗaya ya zagi ɗaya, ki isar da abin da ya faɗa da gaskiya, amana ce. Sai dai kada ki ƙara barkono daga aljihunki don a ga kin iya harshe. Na ga tafintocin da suka yi haka a tashar jiragen ruwa, mutane biyu suka rabu da gaba su kuwa suka tafi ana yaba musu.

Saura ɗaya, ita ce ta sa na jinkirta rubutun nan har ana jibi za ki tafi.

Kina shekara goma, ranar Sallah ƙarama, abokan aikina suka zo min yawon Sallah. Kina sanye da atamfa ruwan hoda, an yi miki lalle. Na ce ki ɗauko littafin Ingilishinki ki karanta musu, ina so in yi alfahari. Kika tsaya tsakiyar ɗaki kina karanta labarin wani kogi, muryarki tana rawa amma tana da daɗi. Sai kika yi tuntuɓe a wata kalma, kika sake, kika sake, ɗaya daga cikin baƙin ya yi murmushi. Na ji kunya ta kama ni, irin ta ranar nan a Bonapriso, na karɓe littafin na ce rubbish. Kika dube ni. Ba ki yi kuka ba. Kika fita a hankali kika shige ɗakin Ummanki.

Tun daga ranar ba ki sake karatu da ƙarfi a gabana ba. Kin ci jarrabawa bayan jarrabawa, kina kawo min takardar ki ajiye ki koma. Wani lokaci nakan ji ki ta taga kina karanta wa ƙannenki, in tsaya a bakin ƙofa da takalmina a hannu ina saurare, da kin ji motsina sai ki yi shiru. Na sha tambayar kaina ko don ki nuna min ne kika zaɓi wannan karatu. In haka ne, ki sauke wannan kaya kafin ki shiga aji, ba abin da za ki nuna min. Ki karanta don kanki.

Shara na ce da karatunki, Maryamu. Hannuna ya yi nauyi wajen rubuta ta, amma ga ta nan. Ba shara ba ne, ban taɓa jin karatu mai daɗinsa ba, tsoron idon baƙi ne ya yi magana da bakina. Ki yafe wa babanki. Ba sai kin amsa a waya ba, ba sai kin rubuto ba. In kin zo hutu, wata rana bayan la'asar, ki ɗauko kowane littafi kika ga dama ki zauna inda zan ji ki. Ko kin yi tuntuɓe sau ɗari ba zan ce komai ba.

Ruwan ya fara tsagaitawa, ina jin Ummanki tana kiran a zo a sha koko. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki sa rigar sanyi ko da kin ga rana. Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin baki, naki da na wasu. Allah Ya buɗe miki harshen nan ta kyakkyawar ƙofarsa, Ya sa duk wanda ya zauna gabanki ya tashi da mutuncinsa. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ne mahaifinki,
Idrisu
New Bell, Douala